Kalmar da Ta Kusa Koro Ni daga Sifen

Ba na jin zan manta da ranar da wata tsohuwa ta damƙe ni a wuyan hannu, ta yi ta jana a tsakiyar titi a ƙasar Sifen, 'yan sanda biyu suna biye da mu. Ku da kuke aikin kuku yanzu kun sha tambayata yadda aka yi mutum irina, wanda ko Kumasi ba ya son zuwa, ya je har ƙasar Turawa. To ga labarin, na rubuta da ɗan abin da na samu a makarantar dare. In kun ga kuskure ku gyara.

Shekara biyu bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai, ina aiki a gidan wani likita a nan Tamale, Baturen Sifen da gwamnati ta ɗauko. Ga wanda bai san tsarin gidan Bature ba, kuku ne babba, shi ke da madafa da cefane. Daga shi sai boyi mai shirya tebur da gyaran ɗaki, sannan mai wanki da gadina mai kula da lambu da mai gadi. Ni ne kuku. Likita yana jin Hausa irin ta asibiti, yana kirana Isaka, don Isahaku ta yi wa harshensa tsawo.

Sai waya ta zo cewa uwarsa ta kwanta ciwo. Ya ɗauki dogon hutu, ya ce in bi shi, don tsohuwar ba ta iya cin komai sai mai laushi marar gishiri, matarsa Madam kuma ga ciki. Na so in ƙi. Matata Ayishetu ta ce, "Kai da ko suna a nan kusa Sagnarigu sai an ja ka? Tafi ka ga duniya ka kawo mana labari." Ranar tafiya rabin unguwarmu Tishigu suka raka ni tashar lori, har da mai ganga. Ku riƙe wannan, don shi ya zame mini sarƙa daga baya. Wanda aka raka da ganga ba ya dawowa da ƙunshinsa kafin lokaci, sai a ce korarsa aka yi, kuma babu Baturen da zai sake ɗaukarsa.

Ni ban yi nisa a karatu ba, amma Allah ya ba ni kunne. Kalma in ta gifta sau ɗaya na riƙe ta. Tun a Tamale na tsinci kalmomin Sifen daga bakin Likita da Madam: agwa ruwa, pan burodi, manyana gobe. Da kuma wata, adiyos. Ita wannan na san lokacinta sarai. In baƙo ya zaune wa Likita, ko mai tallan ƙwai ya ƙi barin ƙofa, sai ya miƙe ya tafa hannu ya ce, "To, adiyos!" Mutumin ya kwashe takalmansa. Ni a wurina ma'anarta ɗaya: tashi ka ba ni wuri.

Daga Takoradi muka shiga jirgin ruwa, daga jirgin ruwa jirgin ƙasa, daga nan wata bas mai tari, har muka isa garinsu. Ɗan ƙaramin gari ne a kan tudu, gidaje duk farare, tituna shimfiɗe da duwatsu, gonakin zaitun kewaye. Da safe mai awaki zai bi ƙofa-ƙofa yana tatsa wa mutane nono a gabansu. Mata na ɗebo ruwa a famfon dandali da tuluna a kwankwaso. Tsofaffin mata, duk cikin baƙaƙen kaya, kowace ta fito da 'yar kujerarta bakin ƙofa tana saƙa. Da azahar gari ya mutu murus kamar tsakar ranar azumi, da la'asar ya farfaɗo, kowa ya sa riga mai kyau ya fito yawo ba inda za shi. Na ce a raina, waɗannan ai mutanenmu ne, fata ce kawai ta bambanta.

Safiyar farko na ɗauki kwando na fita cefane da murnata. Yara suka biyo ni suna taɓa hannuna su duba ko baƙin zai goge. Wannan bai dame ni ba, mu ma haka yaranmu ke yi wa Bature. Ina isa kwanar titi, ga wata tsohuwa a kujera, Sinyora Pilar, wadda daga baya na gane ita ce uwar unguwar. Na rage tafiya, na fara rusunawa zan gaishe ta. Kafin in buɗe baki ta dube ni ta ce, "Adiyos."

Na miƙe na wuce. Gaba kaɗan mai jaki ya ce adiyos. Mai aski ya ce adiyos. Fada na coci, da doguwar rigarsa, ya ɗaga hula ya ce adiyos. Kuma babu wanda ya tsaya. Ku kun san mu nan, ko da Dagbani ko da Hausa, gaisuwa sai an tsaya, an tambayi kwana da gajiya da gida. Wanda ya jefo maka kalma ɗaya yana tafiya, akwai magana a cikinsa. Balle wannan kalmar.

Na koma fita kaina a sunkuye, ba na amsa wa kowa. A shago in nuna abu da yatsa, in biya, in fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali, kullum muryarsu ƙara ƙarfi take. Sinyora Pilar har ta kai tana sa hannu a baki tana kwatsa mini ita, "A-DI-YOS!" Na ce to, haƙurinsu ya kusa ƙarewa.

Za ku ce me ya hana ni tambayar Likita. Kunya. Mutum yana fama da uwarsa, ta yaya zan ce masa mutanen garinku suna korar baƙonka? Na bar abin a ciki yana cina. Na rame, na daina surutu, ni da ake cewa ko tukunya na samu sai na yi mata hira.

Wajen wata guda ana haka, tsohuwar Likita ta samu sauƙi har ta taka. Aka shirya walima ta godiya. Da safe na ɗaure ƙunshina na ajiye a bayan ƙofa. Na yanke shawara in dafa wannan abincin, in an watse in roƙi Likita ya mai da ni gida, ko me za a ce a Tishigu a ce.

A garin nan gidaje ba su da tanda. Wanda zai gasa nama sai ya kai gidan burodi, bayan an kwashe burodin safe, ya sa wa tirensa alama don kada a musanya, ya dawo ya ɗauka. Na kai rago, wanda ni na yanka da hannuna, don Likita ya san ba na cin yankan kowa. Da ya gasu na yi gammo na ɗora tiren a ka. Ina zuwa kwana, Sinyora Pilar ta miƙe tsaye, ta matso dab da kunnena ta kwatsa mini kalmar nan.

Nan haƙuri ya ƙare. Na sauke tiren a kan dakali, na haɗa duk abin da na sani na Sifen, na ƙarasa da Hausa. "Adiyos, adiyos! Manyana adiyos! Gobe zan tafi, Iya, ku huta!"

Saƙar ta faɗi daga hannunta. Ta dafa ƙirji ta ƙwala ihu, mata suka firfito daga ƙofofi. Ta damƙi hannuna, wata ta ɗauki tiren, aka nufi gidan Likita da ni, kowa na magana a lokaci ɗaya. Ga 'yan sanda biyu da ke sintiri, masu alkyabba da baƙaƙen huluna masu sheƙi kamar an kifa kasko, suka bi bayanmu. Na ce shi ke nan, na ɗaga wa tsohuwar gari murya, yau a kurkuku zan kwana, a ƙasar da ba wanda zai kawo mini ko koko. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta.

Likita ya fito da sauri. Sinyora Pilar ta yi ta zuba tana nuna bakina, tana nuna kunnena. Na ga fuskarsa ta canza, ya danne dariya.

"Isaka," ya ce, "wai murna suke, ka yi magana. Duk unguwa sun ɗauka kai kurma ne kuma bebe. Wata guda suna gaishe ka ba ka amsawa, shi ya sa suke ƙara murya. Ta ce in duba kunnenka, wai wane irin likita ne ni."

Ni, kurma! Na ce, "Likita, gaisuwa? Korata suke. Kowa adiyos, adiyos."

"Kora?"

"Ba da ita kake korar mai ƙwai a Tamale ba?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Isaka, kalma biyu ce, a Diyos, wato ga Allah. Na bar ka da Allah. A garinmu in ka wuce mutum ba za ka tsaya ba, ita kake ce masa, ita ce sannu, ita ce sai an jima. A Tamale ni ne marar kunya, ba kalmar ba."

Na zauna a bakin ƙofa. Ashe wata guda gari guda na haɗa ni da Allah safe da yamma, ni kuma ina wuce su kamar sun ci mini bashi. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, ban san lokacin da hawaye ya zo ba, ga dariya.

Likita ya fassara musu. Wai! Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, har mai tiren ta kusa zubar da ragon. Sinyora Pilar ita ba ta yi dariya ba. Ta juya kan Likita da faɗa tana kaɗa masa yatsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar yaro, don ita ta karɓi haihuwarsa. Ya ce mini, "Tana tambaya wa ya ce za ka tafi gobe."

Na ce, "Ka ce mata ba inda za ni."

'Yan sandan, waɗanda ashe kallo kawai ya kawo su, suka juya za su tafi. Ɗayan ya taɓa hularsa ya ce mini adiyos. Na miƙe na mayar masa da ƙarfin da sai da tantabaru suka tashi. Kafin in yanka naman nan sai da na shiga na kwance ƙunshina.

Abin da nake so ku ɗauka, ku 'yan baya, shi ne wannan. Kunnena bai yi kuskure ba, ya kama kalmar daidai, amma daga baki ɗaya ya kama ta, kuma cikin fushi. Mu kukawa a madafa muke koyon harshen Bature, daga mutum ɗaya, sai mu ɗauka haka duk danginsa suke. Abin da ya shige maka duhu ka tambaya ran farko, ko da za a yi maka dariya. Dariyar rana ɗaya ta fi ramar wata guda sauƙi.

Na zauna har hutun Likita ya ƙare, na kuma zama wanda ba ya dawowa daga cefane da wuri. Ranar da za mu taso, unguwa duk ta fito bakin bas. A ranar ce kalmar ta dace, amma ko mutum ɗaya bai furta ta ba. Likita ya raɗa mini cewa Sinyora Pilar ce ta hana, wai kada in sake fahimta a karkace. Ta cika mini aljihu da busasshen ɓaure, ta miƙa hannu ta ja kunnena har sai da ya yi zafi, sannan ta sake ni na hau.