Baba da hannun hagu

Bahaguwa aka haife ni, kuma Baba bai taɓa yafe mini ba. Ina ƙarama, da zarar na kai hagu cikin kwano sai in ji bayan ludayi a kan yatsuna. Har ɗaure mini hannun ya taɓa yi da ɗankwalin Mama, wai in saba. Na koyi cin tuwo da dama ina kuka, miya tana bin gwiwar hannuna.

Shekara uku da suka wuce keke mai ƙafa uku da ya ɗauko shi daga Sabon Tasha ya kife, kafaɗarsa ta daku da kwalta. Ƙashi bai karye ba, amma likita ya ce jijiya ta taɓu. Hannun dama ya saki gaba ɗaya, yana reto kamar hannun rigar da aka rataye. Ƙafafu lafiya, baki kuwa har ya fi da kaifi.

Na baro shagon ɗinkina na koma gidanmu na Nasarawa jinya, kuma wallahi na sha haushi. In ba shi a baki, ya ce shi ba jariri ba ne. In ce ya ci da hagu, ya ce hannun da yake tsarki da shi ba zai shiga bakinsa ba. Cokali ma ai da hagun za a riƙe. Limamin unguwa ya zo har ɗaki ya ce masa lalura ce, babu laifi. Yana fita Baba ya ce yaro ne, jiya-jiya aka yi sunansa.

Koko kaɗai yake sha, shi ma da dabara. Sai ya ɗauko mataccen hannun da hagu, ya manna shi a jikin kofi, ya ɗaga su tare, wai da dama ya sha. Rabi a ciki, rabi a riga, ni ce mai wanki. Cikin wata biyu na rage masa ƙugun wando sau biyu. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga dilar yadi a masaƙar Kakuri ya koma sai ya dafa bango zai miƙe. Tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya zama faɗa.

Wata Asabar da rana na tuƙa tuwon masara da miyar kuka, na ajiye, ya kau da kai. Raina ya ɓaci. Na zauna a gabansa, na wanke hagu, na yanko loma na kai baki ina kallon idonsa. Shekarata talatin da biyar, amma sai da yatsuna suka noƙe suna jiran ludayi.

Sai da na yi loma huɗu ya miƙo hagunsa. Tuwon ya marmashe, miya ta gangara har gwiwar hannu, abin da ya kai baki bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya sake gwadawa, ya sake zubarwa.

"Ke wata nawa kika yi kafin ki iya da dama?" ya tambaye ni.

"Har yau ban iya ba, Baba. A gabanka kawai nake yi."

Ya kalli miyar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "To, nuna mini yadda kike naɗe yatsun."