Attahiru da Zanzanar Ƙarya

Attahiru dillalin awaki ne a kasuwar Tawa, ɗan asalin Bambeye. Dogo ne, ga murya, ga iya sa rawani. Matsalarsa ɗaya, fuska. Ƙurajen samartaka sun sauka masa yana ɗan shekara goma sha biyar, shi kuwa bai iya barin hannunsa ya huta ba, kullum matsa. Da suka tashi tafiya sai suka bar masa ramuka tun daga goshi har haɓa. Abokansa dillalai sukan ce in aka yi ruwa ana iya shuka gero a kumatunsa.

Babu abin da bai shafa ba. Ma'azu wanzami ya kafa masa ƙaho a kunci, ya tashi da tabo biyu sababbi a kan na da. Wata Buzuwa ta ba shi man shanu da garin bagaruwa, ƙudaje suka raka shi har masallaci. Wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya sayar masa da mai a gwangwani, wai na matan Turawa ne. Kwana uku fuskar ta saɓule, ya yi wata guda yana ciniki da rawani har hanci.

Matarsa Kulu ta gaji. Ta ce, "Malam, ni da ramukan nan na gan ka na yarda. In ka ida ƙone sauran, wa za ni nuna ma dangina?"

Bai ji ba. Yana shirin gwada lemun tsami da kanwa ke nan, shekara bakwai bayan samun mulkin kai, masu shaushawar agana suka iso Tawa da motarsu. Mutanen ƙauye kuwa da sun hango motar sai su kwashe yara su shige daji. Shugaban ayarin, wani ma'aikacin lafiya mai suna Yunusu, ya zo sayen akuya, ya tsaya yana kallon Attahiru.

"Agana ka yi?"

"A'a, ƙuraje ne."

"Daga yau agana ce. Kana son aiki?"

Haka Attahiru ya shiga mota. Duk garin da suka sauka sai ya hau turmi, ya ware rawani a hankali, mata su yi salati. Ya ce su bakwai ne a ɗakin uwarsu, shi kaɗai ya tsira daga agana. Wani garin su zama goma sha biyu. 'Yan'uwan nasa kuwa duk suna Bambeye lafiya lau suna noma. Kafin ya sauko, layin masu karɓar shaushawa ya kai bakin rijiya. Man da yake shafawa ya watsar, har yakan ji haushi in wani ya ce fuskar ta yi sauƙi.

A Barmu asirinsa ya tonu. Yana tsakiyar labarin binne ƙanensa na tara sai wata tsohuwa, Lalla, ta ratso taron da sanda. Ita ta yi aganar gaske, har ta ci mata ido ɗaya. Ta kama haɓarsa ta juya dama da hagu kamar mai taya akuya.

"Ɗan nan, wagga ba zanzana ba ce. Ƙurajen balaga ne ka matse."

"Inna, ki yi mani rai," in ji shi a hankali.

"Nuna mani hannunka."

Babu alamar shaushawa. Ashe duk watannin nan yana zillewa, don tsoron allura yake kamar me. Lalla ta ce jikokinta ba za su miƙa hannu ba sai ya miƙa nasa. Ƙarti biyu suka riƙe shi, Yunusu ya yi aikinsa yana dariya har da hawaye. Attahiru ya kurma ihu yana kiran uwarsa, sannan ya zube. Yaran Barmu suka yi ta ture juna a layi, kowa na so ya nuna ya fi ƙaton nan jarunta. Ranar sai da maganin ya ƙare.

Yunusu ya so a riƙa maimaita faɗuwar a kowane gari, Attahiru ya rantse ba da shi ba. Ya ƙarasa shekarar da su, ya koma kasuwa. Ya rayu har ya ga jikoki, kuma duk wanda ya fara ƙuraje a gidansa, yana kai hannu fuska zai ji carbi a bayan wuya.