Baitin da Malam Ya Goge da Jan Biro

Wata rana, a motar haya daga Kafanchan zuwa Kaduna, na zauna kusa da wani dattijo, shugaban kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a wani cocin Katolika. Hira ta yi hira, ya ba ni labarin da har yau bai sake ni ba.

Ya ce shekara shida da suka wuce an sa shi cikin kwamitin gyara tsofaffin waƙoƙin coci na Hausa. Umarnin a fili yake: duk kalmar da za ta rikita koyarwa, a sauya ta.

Akwai wata waƙar jana'iza mai cewa, "Baba, ka jira ni a bakin rafi."

Ya ce a ransa, wane Baba? Wane rafi?

Ya goge da jan biro, ya rubuta, "Ya Uba, ka karɓe ni cikin Mulkinka."

Kwamiti ya yaba. Aka buga sabon littafi.

Sai aka tura shi wani ƙauye ya koyar da gyaran. Kowa ya bi sabon baiti, ban da wata tsohuwa a bencin baya, Mama Filomina. Da an zo wurin, sai muryarta ta fito tana rawa, da tsohon baitin.

Sau uku yana tsayar da waƙa. A na ukun ya ce, a gaban jama'a, wanda ba zai iya bi ba ya yi shiru.

Ta yi shiru.

Da aka tashi, ta tare shi a ƙofar coci.

"Malam, ka san wanda ya yi waƙar nan?"

"Mama, littafi bai faɗa ba."

"Mijina ne, katikis ɗin garin nan, mai koyar da addini a coci. Wata Lahadi da damina ya makara zuwa ibada. 'Yarmu Rahila, mai shekara bakwai, tana ɗaura takalmi, ta ce, Baba, ka jira ni a bakin rafi. Bai jira ba. Ta biyo shi ita kaɗai, ruwa ya tafi da ita."

Ta gyara ɗankwalinta.

"Shi ne ya ɗauki maganarta ta ƙarshe ya kai wa Allah, yana roƙo a yi masa abin da shi bai yi mata ba."

Dattijon ya ce ko haƙuri bai iya ba ta ba. Ya hau babur ya tafi, da niyyar zai dawo.

Bai dawo ba sai ranar jana'izar Mama Filomina, bayan wata huɗu. Kuma Fada, limamin cocin, ya sa shi ya ja waƙa.

Ya ɗaga hannu, aka fara. Da aka iso baitin, cocin gaba ɗaya ya yi tsit. Ba wanda ya rera sabon, ba wanda ya rera tsohon. Ganga kaɗai ta ci gaba.

Ya rubuta wa kwamiti. Suka ce gyaran daidai ne, ba za a janye ba, amma a bugu na gaba an sa sunan katikis da na Rahila a ƙasan shafi.

Ya ce min, "Ɗana, har yau in na zo wurin nan ba na iya juyawa in dubi bencin baya."

Darasi:

Gyara ba laifi ba ne, wani lokaci ma dole ne. Amma kafin ka goge maganar da ka tarar, ka nemi mai ita ka tambaya. Kuma in akwai wanda kake niyyar ba haƙuri, kada ka bari sai an ɗauko makararsa.

Ka tura wa wani. Wataƙila akwai mai jiransa tun tuni.