Mahaucin da Ya Samo wa Kakata Majami'a

Duk sa'ad da na ji mata suna buga tulu a wurin waƙa, kakata nake tunawa, da daminar da ta dawo wurinmu a Onitsha bayan rasuwar mijinta. Ina 'yar shekara tara. Ɗaki biyu muke haya kusa da Kasuwar Relief, a gidan da in an yi ruwa sai mun jera bulo mu taka kafin mu kai ƙofa.

Lahadin farko Baba ya kai ta majami'armu, babba ce, ga fankoki ga lasifika. Wa'azi da Turanci, fassara da Igbo. Matar da ta yi shekara talatin tana ba da waƙa a zumuntar mata a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, sai ga ta zaune da hannu a cinya. In an miƙe ta miƙe, in an zauna ta zauna. Bayan Lahadi huɗu ta daina zuwa, ta fara ƙulle kayanta a zane, wai gida za ta koma, ko da babu kowa a can.

"Mama, Allah yana jin kowane harshe," in ji Baba.

"Shi yana ji. Ni ce ba na ji."

Mutum ɗaya take hira da shi a garin, wani tsohon mahauci Bakano da muke sayen nama a wurinsa. Gaisuwarsu kaɗai takan sa ƙafata ta gaji. Ranar da muka je ta yi masa sallama, sai ya ajiye wuƙa.

"Iya, ai ga mutanenku can bayan ɗakina. Duk Lahadi suna waƙa da Hausa a rumfar kafinta, har na fara haddacewa."

Da kansa ya raka mu, carbi a hannu, ya tsaya a bakin lungu ya nuna mana wurin. Ba su kai mutum ashirin ba, masu gadi ne da 'yan okada da matansu, zaune a kan katako, ƙasa duk dusar zarto. Kaka ba ta ko nemi wurin zama ba, daga tsaye ta karɓi amshi. Ban taɓa sanin muryarta tana da ƙarfi haka ba.

Ta kwance kayanta. Baba kuwa ya daɗe yana jan ƙafa, domin ba a jima da naɗa shi dattijo a babbar majami'ar ba. Wata Lahadi dai muka gan shi ya sunkuyo cikin rumfar da kwat ɗinsa, ya zauna a ƙarshen katako.

Shekara bakwai Kaka ta yi tana ba da waƙa a nan. Da ta rasu, mahaucin ya zo gaisuwa, ya wuni tare da maza a ƙofar gida.

Yau rumfar ta zama bene, wa'azi ya koma Turanci saboda 'ya'yanmu. Sujadar Hausa an mayar da ita ƙarfe shida na safe. Ita nake zuwa, kuma duk da furfurata, ni ce yarinya a cikin masu halarta.