Tafwidin da Na Bi Har Rumfar Makoki

Wataƙila wasu ƙananan abubuwa sun shige mini duhu, domin an ɗan kwana biyu. Amma ranar Alhamis ɗin da na fara sa hannu da sunan mahaliyyarmu, wato ƙaramar hukuma, ban taɓa mantawa da ita ba.

A lokacin ina mataimakin jami'i a sashen walwalar jama'a, ban daɗe da gama jami'a ba. Hukumar lafiya ta jiha ta amince za ta ɗauki nauyin ma'aikatan jinya su riƙa bin tsofaffi har gida, suna auna musu hawan jini da sukari. Ni na yi rajistar tsofaffin Kalakla, unguwarmu da ke kudancin Khartum, gida-gida. Da yawansu irin iyayenmu ne da suka ƙare ƙarfinsu a gonakin audugar Jazira. Akwai Baba Idi, wanda ciwon sukari ya kama masa ƙafa, ko bakin titi ba ya iya zuwa. Sharaɗin kuwa shi ne yarjejeniya ta isa hukumar lafiya kafin a tashi aiki ranar Alhamis, in ba haka ba sai zagaye na gaba, wanda ba wanda ya san ranarsa.

Ga waɗanda ba ma'aikata ba, bari in yi bayani. Mudir, shugaban gudanarwa, shi kaɗai ke sa hannu a yarjejeniya. Amma doka ta ba shi dama ya wakilta wani jami'i. Wannan shi ne tafwid. A iya fahimtata, dole ya kasance a rubuce, da sunan wanda aka wakilta da irin yarjejeniyar, da sa hannu da hatimi.

Da safen Alhamis ɗin, wajen ƙarfe goma, muka zauna fatur, wato karin kumallo, kamar kullum, mun kewaye kwanon ful ɗaya, dafaffen waken nan, har da Mudir, Ustaz Babikir. Shugaban sashenmu ya tafi umara. Ana cikin ci aka kira Mudir cewa surukinsa ya rasu a Omdurman. Ya miƙe yana salati, ya dube ni ya ce, “Haruna, takardar tsofaffin nan ka sa hannu a madadina. Ga jama'a sun shaida.” Ya fita.

Ofis ya kaure da murna. Wani ya zolaye ni ya ce, “Mabruk ya Mudir! Gobe kai za ka sayi ful.” Ni ma zuciyata ta yi fari, har na ɗauki biro. Sai hannuna ya tsaya. A wurinmu maganar da aka yi a kan kwanon fatur ta fi takarda ƙarfi, kowa ya yarda da haka. Amma hukumar lafiya ba ta ci ful da mu ba.

Na je wurin lauyarmu, Ustaza Nafisa, na ce, “Ustaza, ban sani ba ko ina zaƙewa ne, amma ina ganin kamar ana bukatar tafwid a rubuce.”

Ta ce, “Kamar? Ya Haruna, yau ma kamar ne? Ana bukata mana! Zauna in buga maka.”

Ta buga wasiƙar. Muka shirya cewa zan je in samo sa hannun Mudir, ita kuma ta tarye ni a ƙofar hukumar lafiya da hatimi, don ba a buga hatimi kafin sa hannu.

Na shiga mota daga Kalakla, muka haye gadar Farin Nilu. An riga an kai mamaci, an kafa rumfar makoki a ƙofar gida. A nan damuwa ta kama ni, domin abin kunya ne babba mutum ya fito da takardar aiki a wurin ta'aziyya. Na cusa fayil cikin riga, na ɗaga tafin hannu muka karanta Fatiha da 'yan'uwan mamaci ɗaya bayan ɗaya, na zauna. Aka kawo shayi. Aka yi sallar Azahar. Ina ta duban agogo, ina dafe fayil a ƙirji.

Yayan mamacin, wani dattijo mai farin rawani, shi ya lura. Ya ce, “Ɗana, ƙirjinka ne mai kusurwa huɗu, ko wani abu ka ɓoye?”

Mudir ya juyo ya gan ni. “Haruna! Ba na ce ka sa hannu ba?”

Na ce, “Ka faɗa, Ustaz, Allah ya jiƙan mamaci. Sai dai ina tsoron ko su can ba za su karɓa ba sai da tafwid.”

Ya ce, “Ya zol, bawan Allah, hannunka da nawa a kwano ɗaya, kuma ka biyo ni makoki da takarda?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya tambayi ko ta mece ce. Na faɗa masa, har da labarin ƙafar Baba Idi. Sai ya ce, “Babikir, ƙanena shekara biyu yana kwance, mu muke ɗaukarsa zuwa asibiti a raksha, keken nan mai ƙafa uku. Sa hannu a nan gabana. Allah ya kai masa ladan.”

Mudir ya ɗora wasiƙar a gwiwa ya sa hannu. Dattijon ya ce in tafi, ya yafe mini abincin rana, abin da ba a cika yi wa mai ta'aziyya ba.

Na isa tsakiyar Khartum saura kaɗan a tashi. Ustaza Nafisa na tsaye a ƙofa, tana ɗaga mini hannu kamar mai tare bas. Ta ɗora wasiƙar a kan jakarta ta buga hatimi, ni kuma na sa hannu a yarjejeniya, ina dariya ban san dalili ba. Magatakardan hukumar ya duba sunana, ya ce, “Kai ba Mudir ba ne. Ina tafwid?” Na miƙa masa. Ya karanta, ya buga tambarin karɓa. Wallahi da gudu na sauko matakala, ina kiran ofis ina cewa, “An karɓa! An karɓa!”

Bayan 'yan makonni ma'aikaciyar jinya ta fara zuwa gidan Baba Idi. Da ni aka je ranar farko.

Abin da na koya, in na fahimta daidai, shi ne mutanenmu ba sakaci ne ke sa su raina takarda ba, yarda da juna ce. Amma yardar ba ta wuce inda aka san fuskarka, tsofaffin kuwa bukatarsu ta wuce nan. Ku ƙannena a aiki, in an wakilta ku da baki, ku yi godiya, sannan ku nemi rubutu.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum daga baya ya tarwatsa mu, fayilolin ma ban san inda suke ba. Ustaza Nafisa, da duk wanda ya zauna a kwanon nan ko a rumfar nan, in wannan ya iso gare ku kuma kun ga na kauce, ku aiko mini da gyara. Ko ba gyara ma ku aiko, in san kuna raye.