Ranar da Na Ƙi Sauke Yarinya a Ka'akiyya

Idan aka ce direban motar makaranta, tuƙi mutane suke tunawa. Tuƙi kuwa shi ne mafi sauƙi a aikin. Duk wanda ya koyi mota a lungunan Makka, inda hanya take hawa dutse ta gangaro ta sake hawa, ba ya tsoron sitiyari. Ni abin da yake hana ni sakewa shi ne ƙofar mota: wa ya shiga, wa ya fita, kuma hannun wa ya karɓe shi da ya fita.

Ma'aikaci ne ni a wata makarantar firamare ta 'yan mata a unguwar Rusaifa, kuma ni aka damƙa wa ƙaramar bas ɗin da take ɗauko yaran unguwar Ka'akiyya. Da yake mata ne, ba na fita ni kaɗai. Matata ce mushrifa, wato mai kula da su a cikin mota, kujerarta tana daf da ƙofa. Mun raba aiki tun farko: titi nawa ne, yara nata. Ita take duba kowa ta ɗaura bel, ita take raba faɗan kujerar taga, ita take ƙwace cingam kafin ya manne a gashin wata. Ni kuma ina da dokokina, kuma ban taɓa jin kunyarsu ba. Ba na tsayawa sai ƙofar mota ta kalli ƙofar gida, ko da zan zagaye unguwa in dawo, don yarinya ba za ta tsallake titi a gabana ba. Ba na tashi sai kowa ta zauna. Idan mun sauke ta ƙarshe, ko matata ta duba, sai na taka da ƙafata har kujerar baya na leƙa ƙarƙashi, domin mota rufe a zafin ranar Makka tanderu ce. Yaran sun sa mini suna kunkuru da Larabcinsu, suna tsammanin ba na ji. Ina ji sarai, kuma sunan bai dame ni ba.

Dokar da ta fi jawo mini magana ita ce ta sauke yarinya. Ba na miƙa ta sai ga wanda iyayenta suka nuna mini da kansu. A gidajen wasu wannan ba ya zama rigima. A wajen mutanenmu 'yan ƙasarmu mazauna Makka kuwa, sai a hankali. Mu a nan kowa kawu ne, kowa inna ce. Wanda kakanninku suka taso daga gari ɗaya ɗan'uwa ne, wanda kuka yi haya a bene ɗaya ma ɗan'uwa ne. Yarinya za ta ga mai shagon lungu ta ce Kawu, ta ga mai gyaran famfo ta ce Kawu, kuma ba ƙarya take yi ba, haka aka koya mata. Ina son wannan hali namu, a cikinsa na tashi, shi ya ciyar da ni lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo. Amma ba na buɗe ƙofar mota da shi.

Akwai wata 'yar aji ɗaya, siririya, mai yawan surutu, wadda gidansu yake can ƙarshen wani lungu mai gangara. Uwarta tana aikin ɗinki a wani shago, ubanta yana Jidda sai ƙarshen mako. Kakarta ta wajen uwa ce take karɓarta. Kullum kafin in karyo kwana tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango, ta kare ido da tafin hannu. Ba ta jiran yarinya ta iso gare ta. Sai ta tako har jikin mota, ta kama wuyan hannunta, sannan ta ce mana mu sauka lafiya.

A makon farko ta tsayar da mu. Da matata take magana, amma ta ɗaga murya don in ji. Ta ce shekaru masu yawa da suka wuce ta zo aikin hajji da ɗanta ƙarami. A Muzdalifa, cikin turmutsutsun neman mota, ta ba wani mutumin garinsu hannun yaron ya riƙe mata ta gyara kayanta. Mutumin kirki ne, ba ta taɓa zarginsa ba. Shi ma wani abu ya taso masa, ya ba wata mata da ya sani ta riƙe. Daga nan ba wanda ya iya cewa ga inda yaron ya bi. Saboda shi ta ƙi komawa gida, ta zauna nema, har ta sake aure a nan, har ta tsufa.

"Ɗan nan," ta ce da ni, "duk waɗanda suka riƙe shi mutanen kirki ne. Ka ji ko? To wannan, ni ko uwarta. Ko ubanta in ya zo. Ban da kowa."

Na ce, "Na ji, Inna. In sha Allahu."

Aka yi watanni haka. Sai wata rana bayan azahar, ana zafi irin wanda ake jin sa ta tafin takalmi, na karyo kwanar lungun ban ga tsohuwa ba. A wurinta wani dattijo ne zaune a kan kujerar roba, ya yafa ƙyalle a ka. Tun daga nesa na gane shi. Aminin mahaifina ne. Shi ya je ya karɓar mini auren wannan matar da take zaune a bayana, shi ya tsaya a kan gawar mahaifina har aka rufe. Baba nake ce masa, kuma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ƙofarsa tana kallon ƙofar tsohuwar.

Na bar injin a kunne saboda sanyin yara, na ja birkin hannu, na ce wa matata kada ta buɗe tukuna. Na sauka na rusuna na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗana, Hajiya ta faɗi ɗazu a tsakar gida. Ni na kira motar asibiti. Uwar yarinyar ta bi su. Sauko mini da ita, ta zauna wajen iyalina."

Yarinyar ta riga ta gan shi ta taga. Tana buga gilashi tana cewa, "Baba! Baba!" da murna.

Na ce, "Baba, bari in kira uwar."

Ya ce, "Kira mana."

Na kira, waya tana ta ƙara ba a ɗauka. Na sake. Na kira uban, tasa a kashe. Na kira mudira, shugabar makarantarmu, na gaya mata halin da ake ciki. Ta tambaye ni ko na san mutumin. Na ce na san shi fiye da yadda na san kaina. Ta ce to ni nake wurin, in na ga zan dawo da yarinyar makaranta ƙofa a buɗe take, in na ga akasin haka ta yarda da hankalina. Na kashe wayar ina jin haushinta, don na so a ce ta ɗaure mini hannu in sami abin fakewa.

Ban yi shakkar maganar Baba ba, ko kaɗan. Na san inda yarinyar za ta zauna, na san tabarmar, na san matar da za ta zuba mata abinci. Amma na kuma san gidan: jikoki suna shiga suna fita, ƙofa ba ta rufuwa, kuma yau hankalin kowa yana asibiti. Idan Baba ya tashi ya bi su dubiya, zai ce wa wata ta kula da ita, watan kuma za ta ce wa wata. Kowa a cikinsu mutumin kirki ne.

Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri. Ba zan iya sauke ta ba."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Me ka ce?"

"Hajiya ta ce ita ko uwarta ko ubanta. Na amsa mata."

"Hajiyar tana kwance ba ta san inda kanta yake ba! Ni ne fa. Ni kake gaya wa haka?"

Kafin nan maƙwabta sun fara fitowa. Wata ta leƙo ta taga ta ce, "Haba direba, ai jikarsa ce, a gabansa aka haife ta." Wani saurayi ya ce da Larabci wai nizami ya shiga kaina, wato dokar ofis ta fi mini zumunci. Wani kuma ya ce, "Halas, ya isa haka, ka ba shi ita mana, yara suna gasuwa a mota." Ina jin su duka. Ina da zuciya, kuma na san da wani ne ba Baba ba da na mayar da magana mai zafi. Sai na durƙusa sosai, gwiwata ta taɓa kwalta har na ji ta ƙone ni.

Na ce, "Baba, duk abin da ka ce in yi maka a duniya zan yi. Wannan ba tawa ba ce da zan bayar. Za ta zauna da matata a makaranta har uwarta ta zo. In ka gan su kafin ni, ka gaya musu tana hannuna."

Ya miƙe. Ya ɗauki kujerarsa ya shiga gida.

Na tayar da mota. Yarinyar ta fashe da kuka da ta ga muna wuce ƙofarsu, tana tambayar ina Jidda, don haka take kiran kakarta da Larabci. Matata ta janyo ta jikinta ta ce kaka ta je ganin likita, za su tafi makaranta su jira Mama. Sauran yaran suka yi tsit, abin da ban taɓa samu ba ko da roƙo. Muka sauke su ɗaya bayan ɗaya, kowa a hannun da aka nuna mini, ban ƙara gudu ba ban rage ba. Sai da motar ta zama daga mu sai ita matata ta yi magana.

"Malam, ka san ba zai manta ba."

Na ce, "Na sani."

"To shi ke nan," ta ce, ta ci gaba da shafa kan yarinyar.

Muka zauna a ɗakin mai gadin makaranta. Matarsa ta kawo shinkafa, yarinyar ta ci kaɗan ta yi barci da takalmi a ƙafarta. Sai bayan la'asar uwar ta iso a tasi, ido jajur. Ba ta gode mini ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta saɓa 'yarta a kafaɗa ta koma cikin tasin.

Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, har da ƙari. Shi ya fara jin faɗuwar tsohuwar, shi ya sa aka ɓalle ƙofa, kuma ya bar abincinsa ya zauna a rana yana jiran motata don kada yarinya ta tarar da gida ba kowa. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. A unguwar aka daina ɗaga mini hannu. Mai shagon da yake miƙo mini ruwan sanyi ya koma duba wayarsa in na wuce. Ban je na ba kowa bayani ba, don ban ga laifin da na yi ba, kuma da za a maimaita ranar abin da zan yi ke nan.

Tsohuwar ba ta dawo gida ba. Ta yi kwanaki a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Na je ta'aziyya. Baba yana cikin masu karɓar gaisuwa, na miƙa masa hannu biyu, ya ba ni kan yatsu yana kallon wani wuri. Har yau ina zuwa gaishe shi duk sallah, yana amsawa a taƙaice, ni kuma ban fasa ba.

Bayan an share makoki yarinyar ta dawo makaranta. Ran nan da na karyo kwana, uwar ce tsaye a ƙofa. Ta karɓi 'yarta ta tura ta cikin gida, amma ita ba ta shiga ba. Ta dafa ƙofar mota tana magana da matata.

Ta ce a ranar, can wajen la'asar, tsohuwar ta farfaɗo. Harshenta ya yi nauyi, sai da suka kai kunne suka gane abin da take faɗa. Ba ta tambayi inda take ba, ba ta nemi ruwa ba. Cewa take, "Wa ya karɓi yarinya?" Uwar ba ta sani ba, a lokacin ma ta tuna da waya. Ta kira Baba, ya gaya mata cikin fushi cewa direba ya hana, ya tafi da ita. Ta sunkuya ta ce, "Inna, tana wajen direba. Ya ƙi ba kowa." Tsohuwar ta sake tambaya. Ta ce, "Ya ƙi, Inna. Har Baba ma bai ba shi ita ba."

Ta ce tun da aka kwantar da tsohuwar hannunta mai motsi yana damƙe da ƙarfen gado, ma'aikatan jinya sun yi sun yi sun kasa ɓamɓare shi. Sai a lokacin ta saki.