Yadda Na Raba Haladu da Goro

In ka taɓa shiga kasuwar gwari ta Danja lokacin tumatir, to ka ji muryar Haladu ko da ba ka ga fuskarsa ba. Shi ne dogon nan mai jajayen haƙora, waya manne a kunne, yana tsaye tsakanin kwanduna yana zazzaga wa direbobi masifa. Dillali ne tun yana saurayi. Manoma su kawo, shi ya haɗa su da masu saye, a loda a yi kudu. Aiki kam ya iya, ba ya cin amanar kowa. Amma faɗa! Haladu har da ƙudan da ya sauka a bakin kwando yakan yi faɗa.

Ni ce Hajjo, taubashiyarsa. Uwata ƙanwar ubansa ce, don haka duk garin nan ni kaɗai ke iya gasa masa magana ya haɗiye. Shi ya kira ni baiwarsa, ni in kira shi Sarkin Tsiya. Haka muka taso tun muna satar rake a fadama.

Da ba haka yake ba fa. Zamanin matarsa Rukayya, Allah ya jiƙanta, mutum ne mai raha, mai cin tuwo har da neman ƙari. Akwai wata langa mai zanen furanni da take zuba masa abinci a ciki, ta zauna gefe tana masa fifita suna hira. Da ta rasu sai aka kife langar a saman kabad, shi kuma ya daina cin abinci a gida, ya koma wa goro.

Ka ji abincinsa: da asuba goro, da hantsi baƙin shayi mai uban sukari, da azahar lemon gwangwanin nan da ƴan acaɓa ke sha don kore barci, da la'asar goro kuma. Sai gabansa ya riƙa faɗuwa babu dalili, hannu na rawa, barci ya gagara. Waya ta yi ƙara ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya je asibiti, ma'aikaciyar ta ce ya rage goro da shayi, ya ci abinci a kan lokaci, ya riƙa hutawa. Ya dawo yana cewa yarinyar ba ta san aikinta ba, ko allura ba ta yi masa ba.

Wadda ta sha wuya ita ce ƴarsa Adawiyya. Ta dafa, ya ƙi ci. Ga shi ta isa aure. A al'ada uba kan tura masu nema wajen ɗan'uwansa, to Haladu shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidansu, dole da shi za a zauna. Na farko suka zo ranar da kasuwa ta faɗi, ya tambaye su ko sun ga alamar biki a goshinsa. Na biyu, wani dattijo ya yi kuskuren cewa, "Alhamdu lillahi, bana tumatir ya yi araha." Ai kuwa da takalma a hannu suka fita.

Sai ga Talha, malamin firamare daga Mahuta, yaro mai hankali, Adawiyya kuma ta mutu a kansa. Baffansa Alhaji Maiwada ya riga ya ji labarin Haladu. Ya ce zai zo sau ɗaya tak, in aka ci masa mutunci, maganar ta mutu.

Adawiyya ta zo mini tana kuka. "Gwaggo, in Baba ya kori waɗannan, wallahi ban san yadda zan yi ba. Shi nake so."

Na ce, "Share hawayenki. Ubanki ba mugu ba ne, yunwa ce. Babban mutum ya wuni da goro a ciki, ai ko ni sai na ciji wani."

Washegari na dama kunun gyaɗa, na sayi ƙosai, na tafi kasuwa na yi zaman dirshan a kan bencinsa, gaban manoma da ƴan dako.

"Sarkin Tsiya, ga karin kumallo."

"Ke baiwa, tashi ki ba ni wuri, aiki nake."

"Sai ka shanye. In ba haka ba, yanzu zan ba jama'a labarin ranar da talo-talon kakarmu Inno ya bi ka har wandonka ya faɗi."

Ƴan dako suka ajiye kwanduna suka matso, har da masu cewa, "Hajiya, ba mu mu sha!" Haladu ya harare ni, ya fizge kwanon ya ɗaga kai, bai sauke ba sai da ya ga gindin kwanon. Ni kuwa na zura hannu a aljihunsa na kwashe goron kaf, na bar masa ƙwaya ɗaya, sauran na raba wa ƴan dako. Wata mace ta yi masa haka? Tabɗi! Amma taubashi ba a fushi da shi, duk kasuwa ta san wannan, shi ma ya sani.

Haka na riƙa yi kullum. Yau faten tsaki da rama, gobe dambu da zogale, jibi wake da alayyafo, in ɗora masa gwanda ko ƙwaryar nono. Kwanakin farko kam na ga ta kaina. Ciwon kai ya kama shi, masifar ta ninku, har ya yi rantsuwa zai kai ni ƙara wajen mai unguwa. Na ce ya gaishe shi. Sannu a hankali rawar hannun ta ragu. Wata rana bayan azahar aka neme shi aka rasa, ashe yana ƙarƙashin mangwaro yana sharar barci da minshari. Mutanen kasuwa suka riƙa zuwa kallo a kan yatsun ƙafa.

Sauran waya. Duk lokacin da ya ɗauka ya fara kumfar baki, sai in ce, "Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To mene ne?"

"Kwando goma sun ruɓe!"

"Tumatir ne fa, Haladu. Tumatir. Ko bai ruɓe ba miya za a yi da shi."

Na kuma kafa masa doka: ba zan buɗe kwano ba sai ya gaya mini abu ɗaya da ya ba shi dariya ranar. Da farko sai ya ce, "Fuskarki." Daga baya shi ke tarona da labari tun ban zauna ba. Abu ɗaya na lura da shi ban tanka ba. A kasuwa yana ci, a gidana yana ci, amma a gidansa ko loma.

Ranar Juma'a bayan la'asar mutanen Mahuta suka iso. Ni da Adawiyya muka maƙale bayan ƙofar zaure, ina leƙe ta tsagar katako, ita tana matse mini hannu kamar za ta karya. Aka gaisa. Sai Alhaji Maiwada ya sa aka shigo da abin gaisuwa aka dire gaban Haladu. Na shiga uku! Na manta shaf cewa ba a neman aure sai da goro. Farare ƙosassu, cike da faranti, a ƙarƙashin hancin mutumin da na yi wata da watanni ina yayewa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Alhaji ya buɗe baki zai faɗi abin da ya kawo su ke nan, wayar ta ɗauki ƙara. Haladu ya ɗauka. Muryar ta fito har inda muke: mota ta kife a hanyar kudu, lodin gaba ɗaya ya watse a titi. Jijiyar goshinsa ta miƙe. Alhaji Maiwada ya saci kallon inda takalmansa suke. Adawiyya ta rufe ido.

Haladu ya ja numfashi. "Direba lafiya? Yaron mota fa?" Ya saurara. "To alhamdu lillahi. Sauran tumatir ne."

Ya kife wayar a tabarma, sai dariya ta ƙwace masa. "Alhaji, yau mutanen wani ƙauye sun samu miyar shekara. Ina jinka."

Aka nema, ya bayar, aka shafa fatiha. Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa wa Alhaji rabi, rabin ya shinshina sosai, sannan ya wurgo ta ƙarƙashin ƙofa. "Baiwa, na san kina nan. Ga ladanki."

Na rangaɗa guɗar da sai da kajin gidan suka watse.

Da baƙi suka tafi ya shigo tsakar gida. Adawiyya ta durƙusa tana godiya tana kuka. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya juyo wurina.

"Hajjo, tsoro nake ji," ya ce. "In ta tafi, gidan nan shiru zai yi."

Tausayinsa ya kama ni har hawaye suka zubo mini.

Ya gyara tabarma ya zauna, ya naɗe hannun riga.

"Adawiyya, me kika dafa?"

"Tuwon masara ne, Baba, da miyar kuka."

"Sauko da langar uwarki ki wanke. Ki zuba mini a ciki, ki zo ki zauna nan kafin su ɗauke ki."